Fatar idona tana saukowa da yamma, hannuwana suna mutuwa: ko garkuwar jikina ce?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 29, malamar firamare ce ni, 'ya'yana uku, na ƙarshen watansa bakwai. Tun bayan da na yi arba'in na lura fatar idona ta hagu tana saukowa, musamman da yamma, da safe kuwa kamar ba komai. Daga baya na fara ganin abu biyu-biyu idan na daɗe ina duba littattafan yara. Yanzu idan ina tsifa ko shanya, hannuwana sai su mutu, sai na huta kafin in ci gaba. Idan na yi darasi biyu a jere muryata takan koma ta hanci, nama kuwa na daina ci saboda muƙamuƙina yana gajiya. An yi min gwajin maleriya da taifot da suga da yawan jini, an yi min allurai da ƙarin ruwa, har hoton ƙwaƙwalwa an ɗauka aka ce lafiya lau. Wani likita ya ce gajiyar goyo ce da damuwa, a gida kuma ana cewa sammu ne ko iska. Na karanta a intanet game da wata cuta, myasthenia gravis, na ga kamar labarina ake bayarwa. Shin tana iya zama ita ce? Wane gwaji zan nema, kuma wurin wa? Wata ƙawata ta ce in fara shan firednisolon in gani."

Wata malama daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya yaro.

Abu uku kike son sani: ko wannan rauni mai zuwa ya tafi, mai tsananta da yamma, yana iya zama aikin garkuwar jiki da ta juya wa mai ita, ta wace hanya ake tabbatarwa, sannan ko ya dace ki gwada magani kafin a tabbatar.

Zatonki yana kan hanya. Da a gabana kika zauna kika ba ni wannan labari kamar yadda kika rubuto shi, mayasteniya, wato myasthenia gravis ɗin da kika ambata, ita ce za ta zo farko a cikin abubuwan da zan bincika. Ba zan ce miki ita ce ba, domin ban ga idon ba, ban gwada ƙarfin hannun ba, kuma akwai cututtukan da ke shigar kamarta. Amma abin da kika lissafa ya wuce a kira shi gajiyar goyo a sallame ki.

Akwai wuri guda a wasiƙarki da ya fi tsaya min a rai, wato muryar da ke komawa ta hanci da muƙamuƙin da ke gajiya. Idan raunin ya kai tsokokin tauna da magana da haɗiya, to tsokokin numfashi ba su da nisa. Don haka wannan ba ciwon da za a bari sai an yi hutun makaranta ba ne. Ki nemi ganin likita cikin kwanakin nan. Idan kuma kika fara ƙwarewa da ruwa, ko ruwan yana dawowa ta hanci, ko yawu yana taruwa kin kasa haɗiye shi, ko wuyanki ya kasa riƙe kai, ko numfashi ya yi miki wuya idan kin kwanta rigingine, a wannan ranar za a kai ki sashen gaggawa, ko da tsakar dare ne. Akwai gwajin da za ki iya yi a ɗaki: ki ja numfashi ki cika ƙirji, ki ƙirga da ƙarfi, lamba biyu a daƙiƙa, har numfashin ya ƙare. Mai lafiya yakan wuce 30 ba wahala. Idan ba ki kai 20 ba, ko kin ga adadin yana raguwa daga jiya zuwa yau, ki tafi asibiti. Kada ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya kwantar miki da hankali, domin a irin wannan rauni yakan nuna iskar jini ta cika har sai abu ya kusa ɓaci. Cikin masu mayasteniya 100, tsakanin 15 zuwa 20 sukan shiga irin wannan matsi na numfashi ko da sau ɗaya, kuma ya fi faruwa a shekaru biyun farko.

Rauni dabam, kasala dabam

A rana ɗaya mata biyu sukan shigo min da kuka iri ɗaya, kowacce ta ce jikinta ya mutu. Ta farko tana tashi daga barci a gajiye, jikin duka ne ya yi nauyi, ba ta da sha'awar komai, amma idan na ce ta tura hannuna da ƙarfi sai ta tura, ta sake turawa sau goma ƙarfin yana nan. Wannan kasala ce, kuma ita ƙarancin jini da rashin barcin mai goyo da damuwa da zazzaɓi suke kawowa. Ta biyun tana tashi garau. Idan na ce ta ɗaga hannuwa ta riƙe, da farko ƙarfinta kamar na kowa, bayan minti ɗaya sai in ga kafaɗa tana sauka ba da sonta ba; ta huta kaɗan, ƙarfin ya dawo. Kuma ba ko'ina ba ne, wasu tsokoki ne aka zaɓa: fatar ido, masu juya ido, muƙamuƙi, maƙogwaro, wuya, kafaɗa. Labarinki na ta biyun ne. Damuwa tana iya hana mutum tashi daga gado, amma ba ta sauke fatar ido ɗaya da la'asar ta ɗaga ta da asuba.

Dalilin wannan salo yana wurin da jijiya ke haɗuwa da tsoka. A zahiri jijiya ba ta taɓa tsoka, akwai 'yar tazara tsakaninsu da ido ba ya gani. Idan ƙwaƙwalwa ta aiko umarni, bakin jijiyar yakan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, ya ƙetare tazarar, ya sauka a kan wasu makarɓai da ke jikin tsokar, sai tsoka ta motsa. A jikin kowa, idan aka maimaita umarnin a jere, sinadarin da ake saki yana ɗan raguwa, amma mai lafiya ba ya ji, saboda makarɓansa sun ninka abin da ake buƙata. A mayasteniya, garkuwar jiki takan ƙera ƙwayoyin yaƙi, waɗanda ake kira antibodi, su manne wa makarɓan, su toshe wasu, su lalata wasu. Rarar nan ta ƙare ke nan. Umarnin farko ya wuce, na goma ya wuce da ƙyar, na hamsin ya faɗi a hanya. Kamar rijiyar rani ce: gugan farko ya fito a cike, ana ci gaba da ja yana fitowa rabi, a bar ta sa'a guda ta sake tara ruwa.

Tun a 1672 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta labarin wata mata da ke magana lafiya lau na ɗan lokaci, idan ta daɗe tana yi sai murya ta ɗauke, ba ta dawowa sai bayan sa'a ɗaya ko biyu. Darasinki biyu a jere ya tuna min da ita. Amma sai a 1973 aka kama mai laifin, lokacin da masu bincike biyu a Amurka, Patrick da Lindstrom, suka yi wa zomaye allurar waɗannan makarɓai, garkuwar zomayen ta yaƙe su, zomayen suka kamu da irin wannan rauni.

Shekarunki ma sun dace. Cutar ta fi kama mata tsakanin shekara 20 zuwa 40, sai kuma maza da suka haura 60. Fiye da rabin masu ita a ido take fara musu, kuma waɗanda za ta bazu musu zuwa sauran jiki, yawanci cikin shekara biyu take bazuwa. Makonnin bayan haihuwa sanannen lokaci ne na tashinta, saboda garkuwar jiki da ta lafa a lokacin ciki tana farfaɗowa. Zafi kuma yana ƙara ta. Wankan jego da ruwa mai zafi ba ya haifar da ita, zafin Afrilu ma haka, amma duka biyun suna iya fito da ita fili. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma gadonta kai tsaye.

Akwai abubuwan da ba ta yi, kuma su ma zan tambaye ki. Ba ta kashe jin taɓi, ba ta sa jin kamar ana tsikara da allura a tafin ƙafa, ba ta taɓa hankali ko riƙe fitsari, ba ta buɗe baƙin tsakiyar ido. Ciwo ma ba halinta ba ne, sai dai ɗan tsamin wuya na tsokar da ta wahala. Idan kina da ɗaya daga cikin waɗannan, tunanina zai karkata wani wuri.

Me ya sa gwaje-gwajen suka fito lafiya

Saboda babu ɗaya a cikinsu da ya leƙa inda matsalar take. Hoton ƙwaƙwalwa ya yi amfani, ya kore ƙari da shanyewar ɓarin jiki, amma a mayasteniya ƙwaƙwalwa ƙalau take, haka ake sa ran hoton ya fito. Gwajin taifot na Widal kuwa, wanda aka fi yi a ƙananan asibitoci, yana nuna "akwai" a jinin mutane da yawa da ba su da komai, kuma na sha ganin marasa lafiya da suka yi watanni ana yi musu maganin taifot alhali ciwonsu yana wani wuri. A nan ina so ki tuna da kyau: waɗanne allurai da ƙwayoyi aka ba ki, kuma yaya jikinki ya yi a kwanakin da kike kansu? Sifrofuloksasin da ake bayarwa don taifot da allurar jentamaisin duka suna ƙara toshe hanyar jijiya zuwa tsoka. Idan idon ko muryar sun ƙara lalacewa a lokacin, wannan shaida ce mai nauyi, ki faɗa wa likita.

Likita mai kula ba zai tsaya a kan suna ɗaya ba. Ƙullin tayirod da ke gaban wuya yana cikin abin da zan fara dubawa, domin idan ya yi aiki fiye da ƙima yana kawo raunin kafaɗa da cinya da gani biyu-biyu, yana yawan rikicewa bayan haihuwa, kuma yakan zo tare da mayasteniya a jiki ɗaya. Ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini yana kashe gaɓoɓi, haka ƙarancin bitamin D ga mai shayarwa da ba ta cika shan rana ba, kodayake wannan yana zuwa da ciwon ƙashi da tafiyar rangaji. Zan tambaye ki ba tare da zargi ba ko kina shan maganin ƙiba irin deksametason ko shafa man bilicin, domin sinadarin da ke cikinsu yana cinye tsokar cinya. Zan tambayi ko kin yi ciwon maƙogwaro mai tsanani kafin abin ya fara, saboda mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da jihohin kusa tun ƙarshen 2022, yana barin dafi da ke sa murya ta hanci da dawowar ruwa ta hanci makonni bayan maƙogwaron ya warke. Idan akwai sarƙewar numfashi da kumburin ƙafa, sai an duba zuciya, domin raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasarmu ta arewa.

Sannan akwai 'yan'uwan mayasteniya, waɗanda su ma garkuwar jiki ce ke jawo su. Idan tsokar kanta ake yaƙa, raunin yana zama a cinya da kafaɗa ba ya sauyawa tsakanin safe da yamma, ba ya taɓa ido, wani lokaci da ƙuraje a fatar ido da gaɓoɓin yatsu, kuma gwajin jini mai suna CK yana hawa sama sosai. Idan jijiyar ake yaƙa, kamar a cutar Guillain-Barré, abin yakan taso daga ƙafa ya hau sama cikin kwanaki, bai wuce mako huɗu ba ya kai ƙarshensa, sau da yawa bayan gudawa. Tana da 'yar'uwa mai tafiya a hankali fiye da mako takwas. Akwai kuma ta Lambert-Eaton, mai farawa daga cinya da bushewar baki, wadda fiye da rabin masu ita ake samun sankarar huhu a bayanta, galibi manya masu shan taba. Babu wadda ta dace da labarinki kamar mayasteniya, amma sai an gwada ake korewa.

Yadda ake tabbatarwa

Mafi yawan aikin a ɗakin dubawa ake yinsa, da ido da hannu, ba da na'ura ba. Zan ce ki kalli sama ki tsayar da ido minti ɗaya zuwa biyu, in ga ko fatar za ta sauko ko abu zai rabu biyu. Zan ce ki runtse ido da ƙarfi in gwada buɗewa, ki kumbura kumatu in danna, ki ƙirga da ƙarfi zuwa 50 in saurari inda muryar za ta juya, ki miƙe hannuwa ki riƙe, ki kwanta ki ɗaga kai daga matashi, ki tashi daga kujera ba dafawa sau da yawa. Abin da nake nema shi ne in ga ƙarfi yana zubewa a gabana, ya dawo bayan hutu. Idan fatar ido ta sauko, sai in ɗora ƙanƙara a naɗe a leda a kan idon na minti biyu. Sanyi yana jinkirta rushewar asetilkolin, don haka a mayasteniya fatar takan ɗaga da milimita biyu ko fiye na 'yan mintoci. Gwaji ne da ba ya cin ko sisi, kuma ina ganin ya kamata kowane likita a babban asibitin ƙaramar hukuma ya riƙa yinsa.

Daga nan sai jini. Gwajin farko shi ne na antibodin makarɓan, za ki ga an rubuta AChR a takarda. Idan ya nuna akwai, ga kuma labari irin naki, magana ta kusa ƙarewa, domin da wuya ya yi ƙarya ta wannan ɓangaren. Amma ki riƙe wannan da kyau: rashin samunsa ba ya wanke mutum. Yana fitowa ne a kusan 85 cikin 100 na waɗanda cutar ta bazu musu, a waɗanda ta tsaya a ido kuwa kusan rabi kawai. Wani lokaci kuma ba ya fitowa a farkon ciwo, sai an maimaita bayan watanni. Idan bai fito ba, sai a nemi na biyu, MuSK, wanda aka gano a 2001. Wannan nau'in ya fi kama mata, ya fi zama a fuska da maƙogwaro da wuya da numfashi, kuma maganinsa ya ɗan bambanta, shi ya sa saninsa yake da amfani ga mai alamomi irin naki. Bayan duk wannan, kusan mutum ɗaya cikin goma ba a samun ko ɗaya a jininsa, kuma yana da cutar. Na ga waɗanda aka ce wa "jininki ya fito lafiya, ba ki da ita" suka koma gida da ita. Yawan adadin da ke kan takardar kuma ba shi ne ma'aunin tsananin ciwo ba, kada lamba ta tsorata ki.

Gwaji na uku na lantarki ne. Ana ɗan zaburar da jijiya sau biyu ko uku a daƙiƙa, ana auna amsar tsoka. Idan amsar ta ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 daga ta farko zuwa ta huɗu ko ta biyar, ya nuna matsala a mahaɗar. Yana da ɗan zafi amma ana jurewa. Ki roƙi a gwada tsokar da ke da raunin, ta fuska ko ta kafaɗa, domin idan a tafin hannu kaɗai aka tsaya yana iya fitowa lafiya. Akwai wani mai siririyar allura da ke auna zaren tsoka ɗaya-ɗaya, shi ya fi kowanne kama cutar, sai dai samun na'urarsa da gwaninsa a nan da wuya. Inda waɗannan ba su samu ba, likita yana iya yin allurar niyostigmin, mai jinkirta rushewar asetilkolin, a asibiti, da maganin karya ta a ajiye kusa, a ga ko ƙarfi zai dawo cikin rabin sa'a. Wannan dabara ta samo asali daga Mary Walker, wata likita a Landan da ta yi wa wata mara lafiya allurar irin wannan magani a 1934 ta ga fatar idonta ta ɗaga.

Idan an tabbatar, dole a ɗauki hoton CT na ƙirji. A bayan ƙashin ƙirji akwai wani ƙulli mai suna taimus, inda ƙwayoyin garkuwa suke koyon bambanta jiki da baƙo, kuma a nan rikicin yake farawa ga mutane da yawa. Tsakanin 10 zuwa 15 cikin 100 na masu cutar suna da ƙari a wurin, wanda sai an cire. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya isa.

Na san kuɗi yana cikin lissafi. Gwajin antibodi yana da tsada, sau da yawa ɗakin gwaji mai zaman kansa ne ke ɗaukar jinin ya tura wani wuri, a jira makonni. Idan aljihu bai kai a yi duka ba, ga yadda nake jerawa: dubawa da ƙanƙara, sai AChR tare da tayirod da fotasiyam da CK, sai hoton ƙirji. MuSK sai idan na farkon bai fito ba. Maimaita hoton ƙwaƙwalwa asarar kuɗi ce. Kuma idan labari da dubawa sun nuna ƙarara, ga matsalar haɗiya, ba na jiran takarda ta dawo kafin in fara magani.

Wanda za ki nema likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne. Ba su da yawa, a asibitocin koyarwa aka fi samunsu: na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ya fi kusa da ke, da na Malam Aminu Kano, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da na Jos. Ki karɓi takardar turawa daga likitan da ke duba ki. Wahalar wannan cuta ita ce takan ɓuya a ranar asibiti: an yi barci, an huta a mota, an shiga da safe, ido a buɗe tar. Don haka ki tafi da shaida. Ki ɗauki hoton fuskarki da waya da asuba da kuma bayan la'asar, a wuri ɗaya, kwana da yawa. A ɗauke ki bidiyo kina karatu da ƙarfi har muryar ta juya. Ki haɗa da wani tsohon hotonki na kafin ciki, da kwalayen duk maganin da kika sha, har na gargajiya. Idan kin shiga, ki fara da labarin kamar yadda kika ba ni, safe da yamma, aiki da hutu, sannan ki ce, "Likita, ko za a duba min mayasteniya?" Tambaya ce da ke kan ƙa'ida, babu rashin ladabi a cikinta.

Batun firednisolon

Kada ki sha. Ƙawarki ba ta yi kuskuren suna ba, yana cikin manyan magungunan cutar, amma yana da wani hali da ya sa ba a fara shi a gida. Idan aka fara da yawa, a mako na farko zuwa na biyu raunin yakan ƙaru kafin ya ragu, kuma ga mai matsalar haɗiya wannan ƙaruwar tana iya kaiwa ga na'urar numfashi. Shi ya sa muke farawa da kaɗan muna ƙarawa, ko mu kwantar da mutum tukuna. Kafin nan ma sai an duba suga da hawan jini da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da HIV, domin maganin yana danne garkuwa, abin da ke kwance ya tashi. Yana kuma iya dusashe gwaje-gwajen da ba a yi ba tukuna, a bar ki shekaru kina shan magani ba a san na mene ne ba. Haka Mestinon, ƙwayar da ake ba masu cutar don jinkirta rushewar asetilkolin, kada ki saya a kemis don gwaji. Idan ya yi yawa yana kawo murɗar ciki da gudawa da dalalar yawu, shi kansa ya ƙara rauni.

Har kafin a tabbatar, ki riƙa faɗa wa duk mai rubuta miki magani cewa ana zargin mayasteniya. Bayan jentamaisin da sifrofuloksasin, a yi hattara da azitiromaisin da iritiromaisin, da kwinin da kulorokwin, da maganin hawan jini irin furofiranolol, har da ɗigon ido na timolol. Mafi haɗari ga mace mai haihuwa shi ne allurar magnesiyam salfet da ake yi wa mai jijjiga. Ki sa a rubuta a katin awonki idan kin sake samun ciki. Likitan da ke sa barci a tiyata ma dole ya sani. Wannan ba ya nufin a bar zazzaɓi ko ciwon huhu ba magani, domin kamuwa da ƙwayar cuta ita ce kan gaba wajen tayar da matsin numfashi. Zaɓen wani maganin ake yi, kuma akwai; na maleriya mai atimita da ake sha yanzu ya maye gurbin kwinin.

Idan ta tabbata ita ce, ina so ki san cewa cuta ce mai jin magani, kodayake ba a cika rabuwa da ita kwata-kwata ba. Mafi yawan marasa lafiyata sun koma aikinsu. Mestinon yana fara aiki cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, ya riƙe sa'a uku zuwa huɗu, ana daidaita shansa da lokacin cin abinci da lokacin aji. Firednisolon yana ɗaukar makonni, azatayofrin kuwa, wani maganin danne garkuwa, wata shida zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, kuma a nan mutane suka fi karaya su daina. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 a kan marasa lafiya 126 ya nuna cewa masu antibodin AChR da aka cire wa taimus, ko babu ƙari, sun fi samun ƙarfi kuma sun fi rage firednisolon cikin shekara uku. Mace mai shekarunki tana cikin waɗanda ake yi wa wannan shawara. Ba sai kin yaye yaro ba, Mestinon da firednisolon suna tafiya da shayarwa. Akwai jariran da ke karɓar antibodin uwa su yi rauni na 'yan makonni bayan haihuwa, amma naki mai wata bakwai ya wuce wannan. Ciki na gaba dai a jinkirta shi har ciwo ya lafa, a tsara shi da likita, domin wasu magungunan ba sa haɗuwa da ciki. Azumi ma sai kun zauna da likitanki, saboda tazarar shan magani.

Game da mutanen gida, ban ga laifinsu ba. Ciwon da ke barin mutum garau da safe ya kayar da shi da yamma, asibiti kuma ta ce ba ta ga komai ba, dole a nemo masa wata fassara, wasu ma su ce raki ne. A ci gaba da addu'a, ba ta hana zuwa asibiti. Abu biyu kawai nake roƙo: kada a ɗura miki jiƙo ko rubutu a lokacin da haɗiya ke miki wuya, domin yana iya faɗawa huhu, kuma kada a kai ki wurin wanzami a ce beli ne ya sauya muryar. Ki nuna wa maigida hotunan safe da na yamma, ki karanta masa alamomin gaggawar nan, domin shi ne zai ɗauke ki idan dare ya yi.

Kafin ranar ganin likita, ki mayar da babban cin abincinki safe, ki zaɓi mai laushi, ki ci a zaune tsaf, loma ƙanana, kina hutawa. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Idan gani ya rabu biyu, rufe ido ɗaya yana gyara shi, amma kada ki tuƙa mota a haka. Ki sassauta ruwan wanka, ki guji tsakar rana, ki roƙi shugaban makaranta ya mayar miki da darussanki safiya da tazara a tsakaninsu. Yaron kuma, idan hannuwa sun fara sauka, ki ba wani ya yi masa wanka.